Sankarar Jinin Shanu: Sirrin Yana Jikin Ƙwayar Cuta Ne Ko Jikin Saniya?

Idan aka ware shanu 100 da suka kamu da ƙwayar cutar da ke jawo sankarar jini, kusan 70 daga cikinsu za su ci kiwonsu, su haihu, a tatse su har tsufa, mai su bai ga wata alama ba. Kimanin 30 za su tara fararen ƙwayoyin jini fiye da ƙima, abin da sai gwaji ke nunawa. Waɗanda ciwon dajin zai ci sosai ba su kai 5 ba, kuma yawanci sai sun haura shekara 4 kafin ya bayyana. A lokacin ne kaluluwa ke kumbura, saifa ta girma, ƙari ya fito a zuciya ko mahaifa ko bayan ido har idon ya turo waje, saniya ta rame ta faɗi. Ƙwayar cuta ɗaya ce, garke ɗaya ne, abinci ɗaya, amma makoma ta bambanta har haka. Me ya sa?

Masana lafiyar dabbobi sun rabu biyu a kan amsar. Wasu na ganin bambancin yana cikin ƙwayar cutar kanta, wato akwai mai zafi akwai mai sanyi, don haka a karance tsarin halittarta harafi bayan harafi. Wasu kuma na cewa ƙwayar kusan iri ɗaya ce a ko'ina, abin da ya bambanta shi ne abin da saniya ta gada daga iyayenta. Wannan saɓani bai tsaya a ɗakin bincike ba, domin amsar ce za ta nuna inda za a zuba kuɗi, da saniyar da za a tura mahauta, da bijimin da za a bari ya yi barbara.

Cutar ba sabuwa ba ce. Tun 1871 wani likitan dabbobi Bajamushe, Leisering, ya bayyana saniya mai kumburarriyar saifa da ƙulle-ƙulle a cikinta. Ƙwayar da ke jawo ta kuwa sai a 1969 Janice Miller da abokan aikinta a Wisconsin ta Amurka suka gan ta, aka sa mata suna BLV. A 1985 masu bincike a Japan suka karance tsarin gadonta gaba ɗaya, suka sami haruffa 8,714. Yawanta a yau ba ƙarami ba ne: binciken gwamnatin Amurka na 2007 ya same ta a kusan kashi 84 cikin 100 na garkunan shanun madara, a Japan kuma gwajin da aka yi tsakanin 2009 da 2011 ya nuna kashi 41 cikin 100 na shanun madara da kashi 29 na shanun nama suna ɗauke da ita.

Dangin ƙwayar HIV ce ta nesa, kuma 'yar'uwa ta kusa ga HTLV-1 mai jawo wata sankarar jini a jikin ɗan Adam. Idan ta shiga jini, sai ta nufi wasu fararen ƙwayoyi da ake kira B, masu ƙera makaman garkuwar jiki. A can take mai da saƙon gadonta daga RNA zuwa DNA, ta liƙa shi cikin DNA ɗin saniyar, sannan ta yi shiru. Ta zama kamar baƙon da ya yi dabara aka rubuta sunansa cikin takardar gadon gida: duk lokacin da aka kwafi takardar, da sunansa ake kwafa. Ƙwayar jinin da ta kamu tana rabuwa biyu, biyu su zama huɗu, kowace da kwafin cutar a cikinta. Saniyar da ta kamu ta kamu ke nan har mutuwa.

Abin da masu bin sawun ƙwayar ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce ƙwayar ba ɗaya ba ce. Da aka kwatanta sashen da ake kira env, mai ƙera rigar da ƙwayar ke sawa don shiga jikin ƙwayar jini, an raba BLV zuwa gidaje sama da 10. Gida na 1 ya bazu ko'ina a duniya. Na 4 ya fi yawa a Turai da Rasha, an kuma same shi a Masar da Zambiya da Afirka ta Kudu. Na 6 yana Kudancin Amurka da Asiya, na 9 an gano shi a Bolibiya, na 10 a Tailan da Miyanma. Suka ce abin da ya rabu haka a ƙasashe da nau'o'in shanu daban-daban, ba hankali ba ne a ɗauka cewa halinsa ɗaya.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi, domin gwaji ce. A Jami'ar Liyej da ke Beljiyam, ɗakin binciken Luc Willems ya canza wuri guda tak a rigar ƙwayar, wuri na 230, inda aka saba samun wani ɗan sukari a manne. Da aka sa wa tumaki wannan ƙwayar da aka taɓa, sai ta fi ta asali saurin yaɗuwa a jini, ta kuma fi saurin kai su ga sankara. An wallafa sakamakon a 2015. Masu wannan ra'ayi suna cewa idan canji guda ya isa ya ƙara wa ƙwayar zafi a ɗakin gwaji, me zai hana irinsa faruwa a garke, inda miliyoyin shanu ke ɗauke da ita? A Japan ma an lura da bambanci a wuri na 233 na furotin ɗin da ake kira Tax, wanda ke kunna sauran sassan ƙwayar, aka kuma danganta ɗaya daga cikin siffofin biyu da fitowar ciwon da wuri. An sami wata ƙwayar a can wadda wani ɗan yanki ya gutsure daga sashenta na G4, ita kuma ba ta iya hayayyafa da kyau.

Sai batun da ya ba masana mamaki a 2012. An daɗe ana tambaya: ƙwayar da ta yi shiru, ba ta ƙera furotin ɗinta, ta yaya take tura ƙwayar jini zuwa ga sankara? Ɗakin binciken Christopher Sullivan a Jami'ar Texas ya gano cewa shirun na bogi ne. Ƙwayar tana fitar da wasu ƙananan gutsattsarin RNA masu ɗimbin yawa, waɗanda garkuwar jiki ba ta ganinsu, kuma ɗaya daga cikinsu yana kwaikwayon wani na jikin dabbar da aka san yana da hannu a sankarar ƙwayoyin B. Da aka cire wannan yanki daga ƙwayar, ƙarfinta na jawo ciwo a tumaki ya faɗi. Wannan ilimi, in ji masu bin sawun ƙwayar, bai fito daga nazarin saniya ba.

Kuma ilimin ya haifi abin da ake iya riƙewa a hannu. An shafe shekaru ana gwada rigakafi na matacciyar ƙwaya ko na gutsuren furotin, duk kariyarsu ba ta daɗewa. Abin da ya ba da fata shi ne raunana ƙwayar mai rai ta hanyar cire mata wasu sassa da taɓa rigarta, aikin da masana na Liyej suka yi tare da tawagar Karina Trono ta hukumar binciken noma ta Ajantina, INTA. An gwada rigakafin a garken madara na gaske a Ajantina, aka wallafa sakamako a 2022 mai nuna cewa ya kare shanun da aka yi wa, duk da suna cuɗanya da masu cutar. Da ba a san aikin kowane sashe na ƙwayar ba, da ba a san abin da za a cire ba.

Abin da masu duban saniya ke mayarwa

Su kuma sukan fara da tambaya: gidajen nan da ake ƙirgawa, nawa ne bambancin da ke tsakaninsu? Amsar ita ce 'yan kashi kaɗan cikin ɗari, abin da bai kai ko kusa da irin rarrabuwar da ake gani a HIV ba. Dalilin yana cikin yadda ƙwayar ke rayuwa. HIV tana ta ƙera sababbin ƙwayoyi kullum da wani sinadari mai yawan kuskuren kwafi, shi ya sa take sauya kama. BLV kuwa, bayan makonnin farko na kamuwa, galibin ƙaruwarta ta hanyar rabuwar ƙwayar jinin saniya ce, kuma na'urar kwafin saniya tana gyara kuskurenta. Saboda haka ƙwayar da ke Hokkaido da wadda ke Michigan kusan tagwaye ne. Har yau ba a kafa hujjar cewa wani gida daga cikin gidajen ya fi wani kashe shanu ba. A garke ɗaya, ƙwaya 'yar gida ɗaya, za ka ga saniyar da jininta ya cika da cutar tana tsaye kusa da wadda da ƙyar na'ura ke gano cutar a jikinta.

To me ya raba su? Nan suke kawo wani sashe na gadon saniya mai suna BoLA-DRB3. Aikinsa shi ne ɗauko gutsuren maƙiyi ya nuna wa dakarun garkuwar jiki don su gane shi. Wannan sashe yana da siffofi sama da 300 a shanun duniya, kuma ba duka suke da ƙwarewa ɗaya wajen riƙe gutsuren BLV ba. Tun 1993 ɗakin binciken Harris Lewin a Illinois ya nuna cewa abin da ke wurare na 70 da 71 na wannan furotin yana da alaƙa da ko saniya za ta tara fararen ƙwayoyin jini ko a'a. Daga baya masana a Tandil ta Ajantina, da ɗakin binciken Yoko Aida a Japan, suka tabbatar cewa shanun Holstein masu siffar da ake wa lamba 009:02 galibinsu suna danne cutar, kwafinta a jininsu ya zama kaɗan ƙwarai. Masu siffar 015:01 ko 012:01 kuwa sukan tara ta da yawa.

Wannan yana da amfani kai tsaye, domin cutar da jini take tafiya. Allurar da aka soka wa saniya goma, safar hannun da aka duba cikin shanu da ita ba a sauya ba, wuƙar yanke ƙaho ko dandaƙa, bobuwa mai cizo, dakashi da madara, su ne hanyoyinta. Saniyar da jininta ke cike da kwafin cutar, ɗigo kaɗan ya isa. Wadda ta danne ta kuwa da wuya ta harbi wata. Masanan Tandil sun saka irin waɗannan shanu masu danne cutar cikin garke mai tsabta na tsawon wata 20, ba a sami wadda ta kamu ba. A Amurka, masu bincike na Jami'ar Jihar Michigan sun ɗauki garke uku, suka riƙa auna yawan kwafin cutar a jinin kowace saniya suna fitar da waɗanda suka fi tara ta. Cikin shekara biyu da 'yan watanni, masu ɗauke da cutar suka sauko daga kashi 62 cikin 100 zuwa kusan 21. Ba wanda ya tsaya tambayar ƙwayar 'yar wane gida ce.

Masu bin ƙwaya ba su yi shiru ba

Martaninsu yana da kaifi a wuri ɗaya. Yawan kwafin cuta a jini abu ne daban, sankara abu ne daban. Binciken da ɗakin Aida kansa ya wallafa a 2020 ya nuna cewa siffofin DRB3 da ke hana cutar taruwa a jini ba lallai su ne ke hana ƙari fitowa ba. Ke nan ko a gonar masu duban saniya, amsar tambayar farko ba ta cika ba: an san wadda za ta yaɗa cutar, amma wadda za ta mutu da ita fa?

Sannan suna tsoron abin da zaɓen iri zai jawo. Yawan siffofin DRB3 ba ɓata lokaci halitta ta yi ba, shi ne ke sa idan annoba ta zo ba ta share garke duka. Saniyar da ta ƙware wajen danne BLV ba a ce ta ƙware a kan ciwon hantsa ko tarin fuka ba. Shanun Holstein kuwa da ma a ƙuntace suke: binciken Jami'ar Jihar Pennsylvania ya nuna kusan duk bijiman Holstein da ake amfani da maniyyinsu a Amurka, ta wajen uba, daga bijimai biyu da aka haifa a shekarun 1960 suka fito. A ƙara matse irin wannan zuriya don cuta ɗaya, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Kuma masu siffar 009:02 tsiraru ne, sai an yi haihuwa bayan haihuwa kafin su yawaita.

Suna kuma tunatarwa cewa na'urar da ake auna yawan kwafin da ita, a kan sanin haruffan ƙwayar aka gina ta. Gwajin PCR yana neman wani yanki ne takamaimai. Idan ƙwayar wata ƙasa ta bambanta a daidai wurin, ko kuma yankin ya gutsure, kamar yadda ake yawan gani a kwafin da ke cikin ƙari, gwajin zai ce lafiya lau alhali ba haka ba ne. Shi ya sa aka tsara gwajin CoCoMo a Japan ta yadda zai kama gidaje daban-daban. Wanda ya ce nazarin gidajen ƙwayar aikin banza ne, da ma'aunin da nazarin ya ƙera yake aunawa.

Masu duban saniya suka sake cewa

Gajeruwar amsa suke bayarwa: tunkiya ba saniya ba ce. Galibin gwaje-gwajen da ke nuna zafin wata ƙwaya a jikin tumaki aka yi su, saboda tumaki suna saurin kamuwa da sankarar kuma kaso mai yawa daga cikinsu ke kamuwa. Amma wannan kansa hujja ce a kan masu bin ƙwaya. Ƙwaya ɗaya, a tunkiya ta yi kisa da yawa, a saniya ta bar sama da 95 cikin 100 ba ƙari. Mene ne ya sauya in ba mai masauki ba? Canjin wuri na 230 kuwa ɗan Adam ne ya yi shi da hannunsa.

Tankaɗe da rairaya

Akwai abin da ɓangarorin biyu ba su cika son a tuna musu ba. Danmak ta fara yaƙi da cutar a 1959, shekara 10 kafin a ga ƙwayar da ido, ta hanyar ƙirga fararen ƙwayoyin jini da yanka garken da ya kamu. Ƙasashen Yammacin Turai suka bi sahu da gwajin jini, gwamnati na biyan diyya, har suka rabu da cutar. Niyu Zilan da Ostireliya ma sun tsarkake shanun madararsu. Babu ɗayansu da ya jira a san gidan ƙwaya ko siffar DRB3. Sai dai wannan hanya ta yiwu ne inda masu cutar kaɗan ne. A ƙasar da kusan rabin shanun madara ke ɗauke da ita, wanda ya ce a yanka duka ya ce a rufe sana'ar. Saboda haka ne gardamar nan ta fi zafi a Ajantina da Japan da Amurka, kuma saboda haka ne ba za a kore ta da misalin Turai ba.

A ganina, a kan tambayar wa ke yaɗa cutar, masu duban saniya sun fi hujja nesa ba kusa ba. An maimaita sakamakonsu a ƙasashe daban-daban, kuma ya yi aiki a garke na gaske. Lambobin gidajen ƙwayar kuwa, duk da yawan takardun da ake wallafawa a kansu (kusan kowace ƙasa sai ta fitar da nata, sau da yawa daga ɗan guntun env kawai), abin da suka fi nunawa tarihin fataucin shanu ne. Yadda gida na 1 ya game duniya yana bin hanyar da shanun Holstein suka bi. Wannan sani ne mai amfani ga jami'in da ke tsaron iyaka, amma bai gaya wa makiyayi wace saniya zai sayar ba.

Inda nake ganin an zalunci masu bin ƙwaya shi ne haɗa abu biyu da aka yi a kansu. Ƙirga gidaje daban, fahimtar aikin sassan ƙwayar daban. Na farkon bai ba da abin a zo a gani ba wajen hango ciwo. Na biyun shi ya tona asirin ƙananan RNA, shi ya gano a 2019 ƙofar da ƙwayar ke bi ta shiga ƙwayar jini, wato furotin ɗin CAT1, shi kuma ya haifi rigakafin Ajantina. Idan rigakafin ya tabbata a garkuna masu yawa, zai amfani saniya ko wace siffar DRB3 ta gada, kuma ba sai an jira zuriya ta sauya ba. Damuwar da ke kansa ita ce ƙwaya ce mai rai da aka sarrafa, mai zama cikin DNA ɗin dabbar har abada, abin da hukumomi da masu sayen madara a ƙasashe da yawa ba za su karɓa cikin sauƙi ba.

Kan tambayar sankarar kanta kuwa, akwai abu na uku da ba na ƙwaya ba ne zalla, ba kuma na saniya ba. Kwafin cutar yana iya sauka a dubban wurare cikin DNA ɗin dabba. Binciken da aka wallafa daga Beljiyam a 2017 ya nuna cewa a cikin ƙari, sau da yawa kwafin yana zaune ne kusa da sassan gadon da ke da hannu a ciwon daji, yana dagula musu aiki. A kan wannan kuma sai wasu kurakurai su taru da shekaru, kamar lalacewar p53, mai tsaron ƙwayar halitta daga zama sankara, wadda ake samu a kaso mai yawa na irin wannan ƙari. Wato akwai rabon sa'a a ciki. Saniyar da ta tara kwafi da yawa ta fi shiga haɗari domin damar saukar kwafi a mummunan wuri ta fi yawa a jikinta, amma ba a iya nuna ta da yatsa tun tana karsana.

Wannan gardama tana taɓa mu ta ƙofa ɗaya. Galibin abin da aka sani game da DRB3 da wannan cuta daga Holstein da baƙaƙen shanun Japan aka samo shi, shanu masu tozo irin Bunaji da Bokolo da Azawak kuwa siffofinsu sun bambanta da na shanun Turai, don haka lambar da ta yi aiki a Tandil ba dole ta yi aiki a shanunmu ba. A lokaci guda ana shigo da shanun madara na waje don inganta iri, kuma Masar ta riga ta ga ɓarkewar cutar a garken Holstein da aka shigo da shi. Wanda zai sayi karsana daga ƙasar da cutar ta yi katutu, takardar gwajin jini ce farkon abin da ya kamata ya nema, kafin ya tambayi lita nawa uwarta ke bayarwa.

Gwajin da zai raba gardamar ba ɓoyayye ba ne. A samo shanu masu siffofin DRB3 daban-daban a sa musu ƙwaya iri ɗaya, a samo wasu masu siffa ɗaya a sa musu ƙwayoyi daga gidaje daban-daban, a zuba musu ido. Amma ciwon da ke cin ƙasa da 5 cikin 100, kuma sai bayan shekara 4 zuwa 8, yana buƙatar ɗaruruwan shanu a killace, ana ciyar da su kusan shekara goma kafin a sami adadin da za a kafa hujja da shi. Masana sun fi samun mai ɗaukar nauyin binciken shekara uku, kuma a shekara uku tunkiya ce kaɗai ke ba da amsa.